Kanwa, Toka da Baba: Ta Ina Ya Kamata Mai Koyon Kemistiri Ya Fara?

Gabatarwa

Kalmar kimiyya, wadda Hausawa suke amfani da ita a yau ga dukkan ilmin binciken halittu da abubuwa, ta samo asali ne daga kalmar Larabci wadda ma'anarta ita ce ilmin sarrafa ƙarafa da sinadarai, watau abin da ake kira kemistiri a makarantun boko. Ke nan Bahaushe ya ɗauki sunan wannan fanni guda ɗaya ne ya raɗa wa sauran fannonin baki ɗaya. Amma abin takaici shi ne, cikin dukkan darussan kimiyya da wuya a sami wanda ɗalibi Bahaushe yake ɗauka baƙo kamar wannan mai ainihin sunan. Da zarar yaro ya shiga babbar sakandare, sai a miƙa masa jerin sunaye ashirin cikin harshen da bai gama naƙalta ba, a ce ya haddace su tare da lambobinsu da alamominsu. Yakan haddace, domin hadda ba baƙuwa ba ce gare shi, amma in aka tambaye shi abin da ke cikin kanwar da aka jefa a tukunyar wake a gidansu, sai ya yi zuru.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ya kamata a kafa wa mai farawa tubalin kemistiri da Hausa, a kuma ɗora shi a kan abubuwan da ya riga ya sani a gida da kasuwa da marina da maƙera. Har ila yau, babban kaso na wannan aiki ya rataya ne a wuyan Sashen Hausa, malamansa da ɗalibansa, ko da yake da yawa za su ga kamar ba huruminsu ba ne.

Abin da Mai Farawa Yake Bukata

Farkon abin da ake so mai koyo ya gane shi ne, duk wani abu da yake da nauyi kuma ya tare wuri, an gina shi ne da ƙwayoyi ƙanana ainun waɗanda ido ba ya gani, su ne ake kira ƙwayoyin zarra. Wani malamin makaranta na Ingila, John Dalton, shi ne ya tsara wannan bayani ya buga a 1808. Daga baya aka gano ita kanta ƙwayar zarra tana da sassa: a 1897 aka gano ilaktoron, a 1911 Ernest Rutherford ya nuna cewa tana da cibiya inda kusan dukkan nauyinta ya tattaru, a 1932 kuma aka gano niyutoron. Yawan firoton da ke cikin wannan cibiya shi ne yake bambanta wani iri da wani. Mai firoton ɗaya shi ne haidirojin, mai shida kabon, watau abin da ya fi yawa a gawayi, mai takwas oksijin, mai 26 baƙin ƙarfe, mai 79 kuwa zinariya.

Abin da aka gina da zarra iri ɗaya tak, shi ne sinadarin asali. An san guda 118, huɗun ƙarshe kuma an raɗa musu suna a 2016. Lokacin da Barashen nan Dmitri Mendeleev ya jera su cikin jadawali a 1869, guda 63 kaɗai aka sani. Ya lura cewa halayensu suna maimaituwa daki-daki, saboda haka ya bar gurabe ga waɗanda ba a gano ba tukuna, har ya faɗi kamanninsu. A 1875 aka gano galiyam, a 1886 aka gano jamaniyam, suka zo daidai da abin da ya hango. Ɗalibin da aka ba wannan labari zai dubi jadawalin a matsayin tsari mai dalili. Wanda aka ce masa ya haddace kawai, jerin baƙin sunaye zai gani.

Sa'an nan sai bambanci tsakanin haɗaɗɗen sinadari da gauraye. In sinadaran asali biyu ko fiye suka ƙullu da juna bisa ƙayyadadden rabo, sukan haifar da sabon abu mai halin kansa. Gishirin miya misali ne mai ban mamaki: sodiyam ƙarfe ne mai laushi wanda in aka jefa shi a ruwa sai ya yi ta tafarfasa har ya iya kamawa da wuta, kulorin kuwa iska ce mai guba, amma haɗuwarsu ita ce gishirin da miya ba ta daɗi sai da shi. Gauraye shi ne inda kowane abu ya riƙe halinsa, ana kuma iya raba su, kamar tsaba da ƙaiƙayi, ko ruwa da laka. Iskar da ake shaƙa ma gauraye ce, wajen kashi 78 cikin ɗari naitirojin, kashi 21 oksijin. Duk yarinyar da ta taɓa sheƙe hatsi, ko ta tankaɗe gari, ko ta tace ƙullu, ta riga ta yi aikin raba gauraye. Haka masu dafa gishiri a ƙasar Manga, waɗanda suke kwarara ruwa a kan ƙasa mai gishiri, su tace, su dafa har ruwan ya ƙone ya bar gishirin. Narkarwa da tacewa da ƙafewa, waɗanda littattafai suke kwashe babi guda suna bayani, ga su nan cikin sana'a ɗaya.

Gida da Marina da Maƙera

Babin tsami da kishiyarsa yana daga cikin waɗanda suka fi wahalar da masu farawa, alhali kuwa madafar Bahaushiya cike take da shi. Tsamin tsamiya da na lemo da na nono duk alamar asid ce, ko da yake kowanne da irin nasa. Kanwa da ruwan toka su ne kishiyoyin tsami. Mai tuyar waina ta san in ƙullu ya yi tsami da yawa, ɗan ruwan kanwa ne zai kashe shi, wannan kuwa shi ne ainihin abin da malamin kemistiri yake nufi in ya ce asid da kishiyarsa suna kashe ƙarfin juna. In aka zuba ruwan tsamiya a kan garin kanwa, sai a ga kumfa yana tashi. Wannan kumfa iskar kabon ce, irin wadda mutum yake fitarwa in ya yi numfashi. Daɗin daɗawa, ruwan zoɓo ma'auni ne da Allah ya ajiye a kowane gida: in aka ɗiga masa lemon tsami sai jansa ya ƙara haske, in aka ɗiga masa ruwan kanwa sai ya rine ya yi duhu-duhu. Bayan yaro ya ga wannan da idonsa, sai a gabatar masa da ma'aunin da masanin Danmak Sørensen ya ƙirƙiro a 1909, wanda yake tafiya daga 0 zuwa 14, tsarkakakken ruwa yana kan 7, ruwan lemon tsami wajen 2, ruwan kanwa kuwa can sama da 7.

Ita kanta kanwa tana ɗauke da darasi na musamman. A Turancin Nijeriya ana kiranta da sunan da yake nufin tokar tukunya, wanda daga gare shi aka samo sunan fotasiyam lokacin da Humphry Davy ya ware shi a 1807. Amma kanwar da ake haƙowa a ƙasar Manga da yankin Tafkin Chadi, galibin abin da ke cikinta haɗin sodiyam ne da kabon da oksijin. Tokar itace da ta karan dawa ita ce mai yawan fotasiyam. Bahaushe da ya kira ɗaya kanwa ya kira ɗaya toka, ya fi kusa da gaskiyar kemistiri a kan Turancin kasuwa da ya cuɗanya su. Da ruwan tokar nan ne kuma ake dafa mai a yi sabulun salo, bisa ƙa'idar da masana'antun sabulu na zamani suke bi.

Marina ta fi kowane wuri wadatar darasi. Karofin Ƙofar Mata a Kano, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 1498, shaida ce ta daɗewar wannan sana'a, kuma Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya rubuta yadda rinannun tufafinta suke ratsa Sahara. Launin baba ba ya narkewa cikin ruwa, saboda haka ba zai kama zare haka kawai ba. Marini yakan haɗa baba da ruwan toka a cikin rijiyar rini, ya bar shi kwanaki yana ruɓa yana motsawa. Ƙwayoyin halitta ƙanana da ke cikin ruwan su ne suke cinye oksijin, su mai da launin wani siffa mai narkewa wadda take shiga cikin zaren. In aka tsamo zane sai a gan shi kore-kore, amma da iska ta buge shi, oksijin ya koma kansa, sai ya juye shuɗi a gaban ido, ya kuma maƙale cikin zaren domin ya daina narkewa. Wannan kai da komo shi ne babin da ɗalibai suke kira mai wuya a shekararsu ta biyu. Sarrin da marina suka riƙe a aikace, masanin Jamus Adolf von Baeyer ya shafe shekaru yana bincikensa, har kamfanin BASF ya fara sayar da baban kanti a 1897, abin da ya karya kasuwar baban gona a duniya.

Maƙera ita ma haka. Tama baƙin ƙarfe ce da ta ƙullu da oksijin. Masu narkar da ita sukan cuɗa ta da gawayi, su zuga wuta, gawayin ya janye oksijin ya bar ƙarfe. Binciken masu tonon kufai a Taruga, cikin yankin al'adar Nok, ya nuna ana wannan aiki ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa. Tsatsa kuwa komawar ƙarfe ce gidan jiya, watau ya sake ƙulluwa da oksijin in akwai danshi. Ta nan ma ake iya nuna wa yaro dokar da Antoine Lavoisier na Faransa ya tabbatar da ma'auni, cewa abu ba ya ɓacewa a cikin sauyi, siffa kawai yake sakewa. Damin itace da ya ƙone ya bar ɗan tafin toka, sauran nauyinsa ya tashi ne ya bi iska, kuma da za a ƙona shi a rufaffen wuri a auna kafin da bayan, nauyin zai zo ɗaya.

Matsalar Kalmomi

A nan ne hurumin Sashen Hausa ya shigo. Hausa tana da sunayen ƙarafa da ma'adinai masu yawa: zinariya, azurfa, jan ƙarfe, dalma, zaiba, farar wuta, kuza, tama, alif, kwalli. Inda take da rauni shi ne wajen kalmomin rarrabewa. Kalmar sinadari ita kaɗai ana ɗora mata nauyin sinadarin asali, da haɗaɗɗe, da kayan haɗin miya, da duk wani ruwan kwalba mai ƙauri. Ƙarfe yana nufin baƙin ƙarfe, yana kuma nufin jinsin ƙarafa duka. Ruwa shi ne na sha, shi ne kuma duk abin da yake kwarara. Iska tana nufin wadda ake shaƙa, da wadda take kaɗawa, da duk abin da ba daskararre ba kuma ba mai kwarara ba, ban da ma'anarta ta wajen 'yan bori. Tagulla ana faɗinta ga jan ƙarfe tsantsa, ana kuma faɗinta ga haɗinsa da wasu ƙarafa. A hira wannan bai dami kowa ba, amma a darasin da dukkan tubalinsa bambancewa ce, babbar illa ce.

Akwai ma wani ruɗani mai ban dariya. Kalmar da Turawa suke kiran kishiyar asid da ita, daga Larabci suka aro ta, inda take nufin tokar wani tsiro. In aka rubuta ta da boko, babu abin da ya raba ta da sunan mai shari'a sai ƙugiyar da ke kan harafi ɗaya, wadda yawancin masu buga takarda ba sa sa wa. Yaron da ya karanta cewa alkali yana da santsi a hannu, yana kuma kashe tsami, yana da haƙƙin ya yi mamaki. Irin wannan matsala masanin kemistiri ba zai lura da ita ba, sai masanin harshe.

Kada a ɗauka gyaran kalmomi ƙaramin aiki ne a gefen kimiyya. Kemistirin zamani da gyaran harshe ya fara. A 1787 Lavoisier da abokan aikinsa uku suka buga littafin sabon tsarin sunaye, suka zubar da tsofaffin laƙabobin masu neman mai da dalma zinariya, suka sa kowane suna ya faɗi abin da ke cikin abin da aka raɗa wa. Sunan oksijin ma'anarsa mai haifar da tsami, domin Lavoisier ya zaci kowane asid yana ɗauke da shi. Daga baya aka gano ba haka ba ne, amma sunan ya zauna, yana kuma aiki har gobe. Jamusawa ba su ari sunan ba, fassara shi suka yi da kalmominsu, haka kuma suka yi wa haidirojin, mai haifar da ruwa. Japanawa su ma sun bi wannan hanya a ƙarni na 19, musamman ta hannun Udagawa Yoan, wanda ya fara buga littafinsa na kemistiri a 1837. Darasin da ke ciki shi ne, ba sai kalma ta cika goma ba kafin ta yi amfani. Abin da ake bukata shi ne a daidaita a kan guda ɗaya, a riƙe ta.

Hujjojin Masu Suka

Masu suka suna da hujjoji waɗanda bai kamata a yi musu riƙon sakainar kashi ba. Sukan ce da Turanci ake rubuta jarrabawar fita sakandare da ta shiga jami'a, da shi kuma aka rubuta littattafan gaba, saboda haka koyar da yaro da Hausa jinkirta shi ne. Amsa ita ce, ba wanda ya ce a raba yaro da Turanci. Abin da ake nema shi ne ya gane abu kafin a ba shi baƙon sunansa, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife daga 1970, inda aka koyar da yara dukkan darussan firamare da Yarabanci har shekara shida ana koya musu Turanci a matsayin darasi, ya nuna cewa yaran ba su koma baya ba, har a Turancin kansa. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ita ma ta amince da fara karatu da harshen uwa.

Sukan kuma ce alamomin kemistiri na duniya ne, ba a fassara su. Wannan gaskiya ne, kuma ba a ce a taɓa su ba. Amma ai alamomin ba na Ingilishi ba ne. Fe da Au da Ag da Pb duk daga Latin suke, K ya samo asali daga waccan kalmar Larabci ta toka, Na kuwa daga sunan wata irin kanwa da Misirawa suke haƙa a Wadin Natrun. Ɗan Ingila ma sai an koya masa cewa Fe shi ne ƙarfensa. Babu dalilin da zai sa Bahaushe ya bi ta Landan kafin ya isa ga alamar da ba ta Landan ba.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta masu cewa sanin marini ba kimiyya ba ne. Lalle akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma ya kamata masu kishin al'ada su saurara. Marini ya san yadda ake yi, amma ba ya auna nauyi, ba ya rubuta sakamako, ba shi da bayanin dalili. Abin da ya mai da sana'a kimiyya shi ne sikeli da alƙalami da maimaita gwaji. Saboda haka marina mashiga ce, kuma malamin da ya tsaya a bakinta yana yabon kakanni bai koyar da kome ba. Tilas ne ya wuce da ɗalibi har zuwa lissafi da daidaita ma'auni.

Abin da Jahilci Yake Jawowa

Batun ya wuce cin jarrabawa. A 2010 aka gano cewa yara sama da 400 sun mutu a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, saboda gubar dalma. Dutsen da ake haƙowa domin zinariya yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kuwa kawo shi cikin gidaje ana daka ana niƙa, ƙurar ta bi ƙasa inda yara suke rarrafe. Sanin cewa dutse gauraye ne, kuma abin da ba a gani yana iya kisa, darasi ne na makon farko a kemistiri. Haka nan iyalan da ake wayar gari a tarar sun mutu a ɗaki saboda sun kwana da gawayi ko janareta a rufe, iskar da ta kashe su ba ta da launi ba ta da wari, tana samuwa ne in wuta ta ci ba tare da isasshen oksijin ba. Manomi kuma da yake sayen takin zamani, in ya san ma'anar lambobin da ke jikin buhu, zai gane cewa buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, alhali na 15-15-15 mai nauyi ɗaya kilo bakwai da rabi kaɗai yake da shi. Mutanen da wannan sani zai tsirar da rayukansu da dukiyarsu, da Hausa suke jin rediyo, da ita kuma 'ya'yansu 'yan makaranta za su yi musu bayani in suna da kalmomin yi.

Kammalawa

An riga an share fage. Ƙamusun Bargery na 1934 ya adana kalmomin sana'o'i masu ɗimbin yawa, kuma littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, aka buga a 1990, ya nuna cewa masana suna iya zama su daidaita kan kalmomi. In an yi wa nahawu da adabi, ana iya yi wa kemistiri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka ya kamata Sashen Hausa ya nemi Sashen Kemistiri su zauna tare, ɗaya ya kawo ma'ana, ɗaya ya auna kalma. Ɗaliban da suke neman batun kundin digiri su bar maimaita abin da aka sha yi, su tafi marina da maƙera da wurin masu sabulu da masu jima, su tattaro kalmomin aiki tun tsofaffin da suka san su suna raye. Daga nan a fitar da ƙaramin littafi na masu farawa, a gwada shi a makarantu kaɗan, a gyara abin da yara suka kasa ganewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaron da aka tsorata da kemistiri a shekararsa ta farko kuwa da wuya ya sake waiwayarsa.